Zailani da Sikelin Jarirai

Kakan Zailani daga ƙasar Katsina ya zo Mubi fataucin fata, ya yi aure ya zauna. Mahaifinsa kuwa gyaran rediyo ya yi har idonsa ya daina ganin ƙananan wayoyi. A shagon mahaifin nasa na bakin kasuwa Zailani ya tashi, cikin ƙaurin dalma da kukan tsofaffin rediyoyi. Ya yi difloma a fannin lantarki, ya ɗan taɓa aikin gwamnati a Yola, bai ji daɗinsa ba, ya dawo gida. Da sikeli masu nuna lamba suka shigo kasuwa, 'yan gyaɗa da masu wake suka rasa mai gyara musu, sai Zailani ya zama likitansu. Ba shi da yawan magana, kuma aikinsa a hankali yake yi. Mai gaggawa yakan ɗauke kayansa ya kai wa wani, bayan kwana biyu ya dawo yana sunne kai.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, ƙarshen Oktoban 2014, yana cikin aiki. Ya saɓa jakar kwamfutarsa, ya tattara matarsa Sadiya da 'ya'yansu huɗu, suka bi ayarin mutane ta duwatsu har Kamaru, daga can suka zagayo Yola. Wata uku suka yi a ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwa. Da ya dawo ya tarar an ɓalle shagon an yashe shi. Abin da ya tsira akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin benci, cikinsa duwatsun awo da 'yan tarkace.

Ba a jima ba Miriyamu ta zo. Nas ce, 'yar ƙasar Michika, ita ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a Digil. Ta kawo sikelin awon jarirai da aka fasa wa ciki. Ga mata suna dawowa daga gudun hijira da yara a rame, ga ba abin awo.

Zailani ya duba ya ga ƙarfen da ke jin nauyi yana nan lafiya, fanel ɗin ne ya tafi, wato ɗan allon da ke ɗauke da kayan lantarkin sikelin. Ya zauna ya haɗa sabo da hannunsa. A cikinsa akwai wani aisi, ɗan ƙanƙanin kayan lantarki, da ake kira ADC, wanda ke karɓar 'yar wutar da ƙarfen ke fitarwa ya mayar da ita lamba. Aisin yana da wasu 'yan ma'ajiyoyi a cikinsa, rajista, inda ake rubuta masa yadda zai yi aiki. Zailani ya tsara yadda da an kunna sikelin, ƙwaƙwalwar fanel ɗin za ta aika wa aisin saitinsa ta wayoyi huɗu. Ya gwada da duwatsunsa, awo ya fita daidai, ya rubuta lambobin saitin a littafinsa. Ya ce wa Miriyamu ta bar shi a kunne kullum, tun da batirin sola yake sha.

Bayan kamar wata biyu, wata safiyar Alhamis, sai ga ta a kan babur.

"Malam Zailani, ko dai sikelinka ne, ko kuma yaran nan suna ƙarewa a hannuna. Su bakwai ke nan nauyinsu ya sauka."

Ta ba shi labarin Binta, wata matar manomi, da 'yarta Khaulat. Yarinyar ta kai kilo biyar da giram ɗari biyu, makon jiya aka auna aka ga kilo biyar cif. Tun daga nan Binta ta daina cin abinci, tana cewa nononta ne ya lalace tun wahalar da ta sha a daji.

Zailani ya ɗauki jakarsa da dutsen kilo biyar suka tafi.

Mata suna zaune a inuwar darbejiya, kowacce da goyo. Ya ɗora dutsen a kan sikelin, sai ya nuna kilo huɗu da giram ɗari shida. Miriyamu ta ja kujera ta zauna. Can ta miƙa hannu za ta kashe shi.

"Sista, kada ki kashe. In kin kashe zai gyaru, amma ba za mu san abin da ya same shi ba, kuma zai sake."

Ya buɗe bayan sikelin, ya bar wa aisin wutarsa, ya zare wayoyin nan huɗu daga ƙwaƙwalwar ya haɗa su da wani ɗan fanel da ke maƙale da kwamfutarsa. Hanyar da ake bi a rubuta saiti, ita ake bi a karanto shi. Za ka aika lambar rajistar tare da alamar cewa karatu kake so, sai aisin ya turo maka abin da ke ciki. Da farko shirme ya fito, saboda waya ɗaya ba ta kama ba. Ya gyara mata zama ya sake aikawa.

Rajista ta farko ta dace da abin da ke littafinsa. Ta biyu ma haka, dama su bai taɓa canza su ba, yadda suka zo daga kamfani ya bar su. Ta uku, wadda ke daidaita awo, ita ce ba lambarsa ba ce a ciki. Ta koma ta kamfani.

Ya sake rubuta lambarsa, ya karanto, ta zauna. Yana cikin tunanin abin da ya goge ta sai firjin rigakafi da ke lungu ya tashi, ƙwan lantarkin ɗakin ya ɗan dushe. Ya sake karantawa, babu ita.

"Yaushe aka haɗa firjin nan da batirin?"

Miriyamu ta yi ɗan tunani. "Mako uku ke nan. Ranar Talata."

"To daga ranar yake rage wa kowane yaro nauyi. In firjin ya ja wuta sai aisin ya manta, ƙwaƙwalwar kuma ba ta sani ba. Laifina ne, Sista. Na sa ta faɗa masa sau ɗaya, ban sa ta riƙa tambayarsa ba."

"Bar maganar laifi, Malam. Gyara mu auna."

A nan ƙasa ya zauna da kwamfutar a cinya. Ya ƙara umarni cewa kafin kowane awo sai an karanto rajistar, in ta saɓa a sake rubuta ta, in kuma ta ƙi zama sikelin ya ƙi nuna komai. Ya raba wayar sikelin da ta firjin. Ya ɗora dutsen, kilo biyar. Ya jira firjin ya sake tashi, kilo biyar.

Binta aka fara kira. Ta shigo a sanyaye, ta kwance goyo, ta kawar da kai. Khaulat tana ta wutsil-wutsil a cikin farantin sikelin har lambar ta tsaya.

"Kilo biyar da rabi," in ji Miriyamu. "Binta, 'yarki ba ta taɓa raguwa ba. Ƙaruwa take yi."

Binta ta dubi nas ɗin, ta dubi Zailani, ta nemi a maimaita mata da Fulatanci. Da aka maimaita sai ta rungume yarinyar, hawaye na zuba tana dariya. "Useko, Malam," ta yi masa godiya da Fulatanci. Wata tsohuwa ta kwance ƙullin ƙosai ta tura mata, Binta ta zauna a bakin ƙofa ta cinye tas.

Cikin yara bakwai, shida lafiyarsu lau. Na bakwai, ɗan wani mai suna Dawuda, da gaske ya rame, a ranar Miriyamu ta rubuta musu takardar zuwa babban asibiti. Sai bayan wata guda Zailani ya ji cewa yaron ya warke.

Akwai wasu sikeli biyu da ya haɗa wa masu sayen masara, ɗaya a Vimtim ɗaya a Lamorde. Washegari ya rufe shago ya hau babur ya bi su da kwamfutarsa. Dukansu ya tarar saitinsu na nan, amma ya ƙara musu umarnin duk da haka. Mai sikelin Vimtim ya riƙe shi sai da ya ci tuwon dawa, ya kuma ɗaure masa ɗanyar masara a bayan babur ya kai wa iyali.