Ranar da Muka Karya Farashin Tsirkiya

Sarin wandunan jins ne ya kai ni Guangzhou, ba kayan kiɗa ba. Shekarata ta farko kullum ina kan hanyar Xintang, garin da ake ɗinka su, ina zaɓar kaya ina aika wa wani ɗan'uwanmu da ke da rumfa a Kano. Da kasuwarsa ta ja baya sai na wayi gari ba aikin yi, ga haya, ga kunyar komawa gida hannu rabbana. A wannan halin na haɗu da mutumin da nake son ba da labarinsa, a wani gidan abinci da muke taruwa bayan an sauko daga Juma'a.

Mutumin Agadas ne, dogo, siriri, ya girme ni nesa ba kusa ba. A samartakarsa kiɗan jita yake yi a wuraren biki, har wata rana ƙofar babbar mota ta datse masa yatsu biyu na hannun hagu, suka warke a ƙage. Da ya ga shi da danna tsirkiya sun rabu, sai ya koma sayar wa masu dannawa. Yana da ɗan ofis a saman wani tsohon gini a unguwar Liwan, kwalaye har rufi: tsirkiya kala-kala, kusoshin da ake murzawa a ɗaure ta, ɗan maganadisun da ke ɗaukar sauti ya kai lasifika, wayoyi da sukurori. Masu sayensa masu gyaran jita ne a Yamai da Agadas da Tamale da Kumasi, da wasu masu shaguna a Sabon Garin Kano da ke sayar wa majami'u.

Ran nan ya dube ni ina tsakurar shinkafa, ya ce, "Ɗan Kano, an ce kana jin Turancin Ingila. Ni na Faransa gare ni, ga shi a tashar jiragen ruwa ta Nansha ba mai jin sa. Zo ka riƙa yi mini maganar kwantena, mu ci tare."

Haka muka fara. Ina ce masa Yaya, shi kuwa har muka rabu ɗan Kano yake ce mini. Wasu mutanenmu sun yi mini tsegumi, wai na bar tufafi na koma kayan kiɗa. Na ji, na ci gaba da abina, domin ba wanda ya miƙo mini wani aikin.

Abin da na fara lura da shi a wurinsa shi ne ba a taya kayansa. Farashinsa ɗaya ne, rani da damina, Sallah da Kirsimeti, ga baƙo ga wanda ya shekara goma yana saye. In masana'anta ta ƙara, ya ƙara, ya gaya wa kowa dalili. In ta rage, ya rage, kuma ya zauna a nan. Ni da na tashi a inda ciniki ba ya daɗi sai an ce albarka an sake tayawa, abin ya ɗaure mini kai. Har wadda muke sarin kaya a wurinta irinsa ce, wata tsohuwa 'yar ƙasar mai rumfa a can ƙarshen layi. Za ta danna lamba a kalkuleta ta juyo maka da ita. In ka goge ka danna taka, ta girgiza kai ta ce, "Meyo, lawban," wato babu, maigida, ta ci gaba da shan shayinta. Ina jin wannan halin ne ya haɗa jininsu.

Kasuwar kayan jita tana da kaka. Gabanin Kirsimeti majami'u na gyara kayansu, bayan Sallah kuma ga bukukuwan aure. A irin lokutan nan sauran masu sana'armu sai su cika wayoyin mutane da saƙon murya: garaɓasa, an karya farashi, mako ɗaya tak. Su kansu mutanen ƙasar, in sha ɗaya ga watan sha ɗaya ta zo, gari gaba ɗaya rangwame yake komawa. Mu kuwa muna zaune muna kallon kwalaye.

Na ce masa, "Yaya, mu ma mu taɓa ko na 'yan kwanaki ne. Mu rage kaɗan kaya su tashi. Da babu gara ba daɗi."

Ya ce, "To wanda ya saya jiya fa? Me zan ce masa? Laifinsa shi ne ya zo da wuri?"

"Kasuwa ce, kowa da rabonsa."

"A'a, ɗan Kano. Ni na yi kiɗa, na san abin. Tsirkiya ba ta san Sallah ba. Ana tsakiyar biki, ango na rawa, za ta tsinke. Wanda ta tsinke masa yau, yau yake so. In ka koya masa jiran wata, ƙulla tsinkakkiyar zai riƙa yi yana kiɗa da ita, tana yanka masa yatsa, har watan garaɓasa ya zo. Kuma mai rangwamen nan, a ina kake jin yake samo abin da ya rage? A sauran watanni yake ɗora wa mutane."

Ni ma ina da tawa hujjar, kuma har yau ban ga ƙaryarta ba. Akwai watannin da bangon Guangzhou ke zufa, tufafi ba sa bushewa, laima ta shiga ko'ina. Tsirkiyar da ta daɗe a kwali sai ka buɗe ka tarar ta fara tsatsa. Irin waɗannan ba ya sayarwa ko a rabin kuɗi, shara yake zubawa. Nakan ce masa da mun rage tun suna da kyau da wani ya amfana, mu ma mun mai da uwar kuɗi. Sai ya ce laifinmu ne da muka saro fiye da ƙima, ba na mai saye ba. Mun sha wannan gardamar ba iyaka, wani lokaci har mu wuni ba mai yi wa wani magana, sai in la'asar ta yi ya shimfiɗa sallaya ya ce in shige gaba.

Akwai wata tsohuwar jita rataye a ofis da yake gwada kaya da ita. Tun da hagunsa ba ta dannuwa, sai ya koya mini inda zan ɗora yatsu. Ni in danna, shi ya kaɗa da dama, mutum biyu a kan jita ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ban taɓa iyawa sosai ba. Amma in aka dace sautin ya fito daidai, sai ya lumshe ido ya ɗan girgiza kai, ya ce a haka ake buɗe taro a garinsu.

Sannu a hankali mutane suka fara zamewa. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne wani mai gyaran jita a zangon Tamale, wanda Yaya ya fara aika wa kaya tun yana da tebur ɗaya a bakin titi. Ya bugo waya, na sa ta a fili muna ji tare.

Ya ce, "Alhaji, kar ka ga laifina. Kayanka sun fi kyau, kowa ya sani. Amma wancan in watan ya zo yana rage mini sosai, sai in kwashi na shekara gaba ɗaya."

Yaya ya ce, "Ba komai. Allah Ya sa albarka. In wani abu ya yanke maka a tsakiyar shekara, ina nan."

Da ya ajiye wayar ban ce masa ai na faɗa ba. Ya tashi ya shiga jera kwalayen da tuni suke a jere.

Ana haka sai ciwo ya kama Yaya, da ƙafa ya fara. Takalmi ya daina shigarsa, sai silifa. Matakalar da yake hawa yana waya, sai ga shi yana tsayawa a tsakiya ya dafa bango. Da kyar na shawo kansa muka je asibiti. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a kai a kai. Muka fara. Mutanenmu sun yi ƙoƙari, Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Gana, har waɗanda suka yi mini tsegumi sun kawo nasu. Amma baƙo a ƙasar mutane ba zai daɗe a kan irin wannan jinyar ba, shi ma ya sani. Ga matarsa da 'ya'yansa mata a gida, ƙaramar ma a waya kawai ta san shi sosai.

Wata safiya na taimaka masa ya hau ofis, ya zauna a kujera yana haki. Ya daɗe yana kallon kwalayen. Duk abin da ya tara a zamansa na ƙasar nan yana cikinsu.

Ya ce, "Gida nake so, ɗan Kano. Ka karya shi."

Na ce, "Yaya, ka tafi ka bar ni da su. In riƙa sayarwa a hankali yadda ka saba, ina aiko maka."

"A hankalin nan ne ba ni da shi. Ka karya. Amma da sharaɗi. Kafin ka gaya wa kowa, ka fara kiran waɗanda ba su taɓa barinmu ba, su zaɓa tukuna. Wanda kuma ya saya kwanan nan a cikakken kuɗi, ka ƙara masa kaya a saƙonsa na gaba, har ya zo daidai da na sauran. Kar wani ya ce na cuce shi a ƙarshe."

Haka na yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho a Yamai da ya matsa har ya ji dalili sai ya ce shi a tsohon farashi zai biya, in ba haka ba ba ya saye. Tsohuwar nan da muke sari a wurinta ta aiko a kwaso duk kwalayen da ba a buɗe ba, ta mayar mana da kuɗinsu yadda ta sayar, ko kwai ɗaya na kuɗin ƙasar ba ta cire ba, ta haɗo da ƙunshin ganyen shayi a ba lawban.

Sannan na saki saƙon ga kowa. Ban taɓa ganin waya ta yi ruri irin na kwanakin nan ba. Waɗanda suka shekara ba su gaishe mu ba suka dawo, mutumin Tamale ma ya kwashi mai yawa, bai san dalili ba, domin Yaya ya ce kar a yi bara da ciwonsa. Masu sana'a irin tamu suka hau matakala da kansu suna saye don su sake sayarwa. Kafin mako ya zagayo ana ganin bango. Yaya na zaune a kujerarsa, ƙafafu a kan kwali, yana kallon ana fita da kaya. Da na kawo masa ruwa ya ɗago ya yi ɗan murmushi.

"Maganarka ta fito. Ga shi kaya sun tashi."

Na fita na tsaya a bakin matakala har na samu kaina.

Ni na raka shi filin jirgi. A keken marasa lafiya aka tura shi, da 'yar jaka ɗaya a cinya. Ya riƙe hannuna da hannun nan mai ƙagaggun yatsu ya ce in yafe masa taurin kai. Na ce ni ne zan nemi gafara. Ya ce to mun yafi juna. Ya samu watanni tare da iyalinsa, muna waya, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ana cikin damina matarsa ta kira ni ta ce ya cika bayan azahar, 'ya'yansa na kusa da shi. Ranar Juma'a muka taru muka yi masa addu'a.

Na mayar da makullin ofis na koma Xintang. Yanzu jins nake sayarwa, kuma ina yin rangwame duk ƙarshen kaka, domin yayi ba ya jiran kowa. In aka tambaye ni wanne ya fi ga mai kayan jita, ba ni da amsar da zan rantse a kanta. Na ga yadda farashi ɗaya ya rage mana mutane, na kuma ga irin mutanen da ya bar mana.

Da Kirsimeti ta gabato, mutumin Tamale ya bugo mini waya cikin fara'a. Ya ce kayan bara sun yi masa albarka, yaushe Alhaji zai sake yin irin wancan rangwamen? Na gaya masa abin da ya faru, da dalilin da ya sa aka yi na baran. Sai na ji yana salati a hankali. Ya tambaye ni ko ya bar yara, na ce ya bari. Ya ce in turo masa lambar gidan, zai yi musu gaisuwa. Na tura masa.