Ni da Inna da Turmin Gabu

Ni ce 'yar farin Inna, don haka har na haifi 'ya'yana ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A gidanmu na Illela kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Kalmalo, can na girma, can aka ɗaura mini aure. In na zo gaisuwa, Inna kan amsa tana kallon bango. In tana son in miƙo mata wani abu, sai ta ce da iska, "Halan babu kowa kusa ga luddai?" Ni kuma in tashi in miƙa. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, haka aka yi wa uwarta, haka aka yi mata. Amma in na ji tana ƙyalƙyala dariya da ƙanwata, kishi kan kama ni, ba zan ɓoye ba.

Sana'ar Inna gabu ce. In albasa ta zo, sai ta sayi lawashi jingim, ta daka, ta dunƙula, ta shanya a kan tabarma. Mata na zuwa saye har daga Ƙonni, kuma tun daga bakin lungu warin gabu ke gaya wa baƙo cewa ya iso gidanmu.

Babanmu ya rasu da farkon damina. Inna ta shiga takaba, muka yi ta jiran ranar fita. Ranar ta zo, aka yi sadaka, aka kawo mata lalle da sabon zane. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ajiye su a kan akwati, ta koma inda take zaune. Muka ce sai a hankali. Lokacin kaka ya wuce, lallen na nan a ledarsa. Abinci sai loma biyu. Barci ya ƙaurace mata. Matar da ba ta iya ganin tsinke a tsakar gida ba ta tsince ba, ga kaji na yin yadda suka so a bakin ƙofarta, ko kore su ba ta yi. Da na ga ta rame har awarwaronta na zamewa, sai na roƙi maigidana ya bar ni in dawo gida in zauna da ita, tunda makarantar firamaren da nake koyarwa ba ta da nisa da nan.

Masu magana a gidanmu biyu ne. Akwai Kawu, yayan Inna, mai fataucin hatsi tsakanin Illela da Ƙonni, akwai kuma ƙanwata da ke aikin gwamnati a Sakkwato. Wata Asabar suka haɗu a zaure, aka kwashi 'yan kallo. Ƙanwata ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani, a kai ta asibitin nan da ke kan hanyar Sakkwato, wanda mutanenmu ba sa son kiran sunansa.

Kawu ya buga sandarsa a ƙasa. "Mi? Ƙanwata za ku kai wurin mahaukata? Kewar mijinta ta, ba wani abu ba. A yi mata rubutu, ta tahi Kalmalo ta sha iska, ta kama aikinta. Ƙwayag ga in anka fara ta ba a bari."

"Kawu, wane aiki za ta kama, alhali ko wanka sai an yi da gaske?"

Ni dai ina kallonsu, raina a ɓace. Kowa ya zube buhun shawararsa, da la'asar ɗaya za ta hau mota ta nufi Sakkwato, ɗaya ya tsallaka boda zuwa Ƙonni, a bar ni da Inna da kaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce da su a yi rubutun, kuma a je asibitin, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba. Maƙwabta muka ce musu awon hawan jini za mu je.

Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta daɗe tana yi wa Inna tambayoyi, Inna na amsawa da ɗaga kai ko girgiza shi. Daga baya ta kira mu. Ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Ta rubuta ƙwaya, ta ce za a yi makonni kafin a ga aikinta, kada a daina ba tare da an dawo wurinta ba. Ta ce amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Inna na bukatar ta rinƙa fita rana, ta koma ga aikin hannunta, ta kuma sami wanda za ta rinƙa amayar wa abin da ke cikinta.

"Wa ke zaune da ita?"

Na ce ni ce.

"Madalla. To ku rinƙa hira kullum."

Ƙanwata ta toshe baki tana dariya. "Likita, Yaya ce fa, 'yar fari."

Likitar ta dube ni, ta yi murmushi. "To, sai ki nemi dabara."

Makonnin farko sun yi wuya. Ƙwayar ta sa mata jiri da bushewar baki, Kawu kuwa ya sami abin faɗi, duk zuwansa sai ya ce, "Kun gani ko?" Inna ba za ta karɓi abu daga hannuna tana kallona ba, don haka nakan ɗora ƙwayar a kan faifai kusa da kofin ruwa, in fita in laɓe a bayan labule sai na ji ta haɗiye. Rubutun Kawu da safe, ƙwayar likita bayan magariba. A hankali barci ya dawo. Ta fara cinye tuwonta. Wata safiya na ji ta ce wa kaza "kur", sai na ji kamar an yi mini albishir da Makka. Ƙwaya ta tayar da ita zaune, wannan na gani da idona. Amma bakinta na nan a rufe, kuma tana iya wuni tana kallon waje ɗaya.

Da albasa ta fara shigowa daga fadamun Kalmalo, sai na sa aka kawo mini damin lawashi. Na jawo turminta da ya yi wata da watanni a kife, na kafa shi daidai ƙofar ɗakinta. Gaskiya ban iya gabu ba, kakata kifi take soyawa, shi na koya. Na zuba lawashi ɗanye sharaf na hau daka, ruwansa na fallatsa mini a ido, ina hawaye ina tsaki. Abin da na dunƙula ya ƙi tsayawa, sai ya baje kamar kashin saniya.

Kwana na biyu ina cikin wannan ɓarnar sai na ji murya daga cikin ɗaki, ƙasa-ƙasa. "Wasu mutane ba su san ana barin lawashi shi sha iska ba kahin a daka."

Na ce da turmi, "Wasu mutane ba a koya musu ba."

Can sai ga ta ta fito tana dafa bango, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta ba ni baya, ta jawo damin ta fara tsince ruɓaɓɓun ganye.

Haka muka samo hanyarmu. In na taso daga makaranta, ni ke daka, ita ke dunƙulawa, baya da baya, kowa na fuskantar nasa bangon. Ita tana magana da tabarma, ni ina amsa wa turmi. Da farko gyaran aiki ne kawai. Sannu a hankali ta fara zancen Baba, yadda yake ɓoye mata goro a cikin hula, yadda ya nemi kunu ranar da zai cika ta ce bari ya huce, kafin ya huce shi ya tafi. Wata rana ta ce, "Akwai lokacin da wata in ta buɗe ido da asuba, sai ta ji haushin ta falka." Na tsaya da taɓarya a sama. Tsoro ya kama ni, tausayi ya kama ni, na so in juya in rungume ta, amma na san in na juya za ta yi shiru. Na ce da turmi, "Yanzu fa?" Ta ce, "Yanzu da sauƙi." Na ci gaba da daka, hawayen wannan karon ba na albasa ba ne.

Kafin bazara ta yi nisa matan Ƙonni sun dawo saye. Inna ta sa lalle, ta je suna har Amarawa. Na koma ɗakina, ina leƙowa kullum da yamma. A nan ne Kawu ya yi nasara a kanta. Ya ce ai turmi da addu'a sun warkar da ita, mi za a yi da ƙwaya kuma. Ƙanwata a waya ta ce ƙwaya ce ta warkar da ita, turmi me ya sani. Inna ta gaji da a ce mata mai shan magani, ta bi maganar yayanta, ta ture faifan gefe. Na faɗa wa turmi abin da likita ta ce, na sake faɗa, Inna ta ce wasu mutane sun cika naci. Babba ce, ba zan yi mata ɗura ba.

Wata biyu lafiya lau. Sai damina ta sauka, lawashi ya ƙare, aka kife turmi, ga kuma watan da Baba ya rasu ya zagayo. Na fara ganin tuwo na saura a kwano. Ba aikin da za mu fake da shi, amma duk da haka nakan zo in zauna a bayanta ina tsintar wake, ko za ta ce wani abu. Ba ta cewa komai, ni kuma na san hanyar nan, na san inda take kaiwa.

Wata Talata na biyo da safe kafin in wuce makaranta. Na same ta a tsakar gida ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, takalmanta a gabanta. Na gaishe ta, na juya zan zauna yadda muka saba.

"Ke."

Na ɗauka da kaza take. Da na waiga sai na ga ni take kallo, ido cikin ido. Ashe idanunta irin nawa ne, ban taɓa samun damar dubawa ba.

"Ɗiyata, abin nan ya dawo. Ba ni son shi kai ni inda yak kai ni bara. Ki kai ni wurin likitag ga."

Na ce, "To, Inna." Na aika wa shugabar makarantarmu cewa yau ba zan zo ba, na durƙusa na sa mata takalmanta, ta dafa kafaɗata ta miƙe, muka nufi tasha.