Ranar da Hanci Bai Ji Wari Ba

Hanci ake ce masa, kuma ba don hancin nasa ya fi na kowa girma ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran murhun gas. Tun yana saurayi, a wurin da ake cika tukwanen gas, aka lura yakan ji wari kafin kowa. Yakan tsaya a bakin ƙofar gidan da aka kira shi, jakar kayan aiki a kafaɗa, ya ɗan ɗaga kai ya ce, "Kada wanda ya ƙyasta ashana." Masu gida su yi ta shaƙar iska ba su ji komai ba, shi kuwa ya wuce kai tsaye ya nuna musu inda tiyo ya tsage a bayan kabad.

Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin tela da mai sayar da bokitai. Gwangwanayen madara ne jere a kan kanta, wani cike da makunnai, wani da robobi, wani da 'yan ƙananan notina masu huda da gas ke fitowa ta ciki. Ba ya yar da komai. Murhun da ya mutu murus ma sai ya kwance shi ya adana abin da ke da sauran amfani. Idan mace ta zo ta ce wutarta ta koma ja, tana baƙanta gindin tukunya, ba ya ko tashi daga kan benci. "Miya ta zuba ta toshe hudojin. Cire kan, ki jiƙa shi a ruwan zafi, ki bi su da allura." Idan aka ce murhu yana ƙas-ƙas amma ba ya kamawa, sai ya tambaya ko jiya an wanke shi, ya ce a bar shi ya bushe. Matarsa takan ce da bakinsa yake korar rabin aikinsa.

Abu ɗaya yake yi wa sauran masu gyara dariya a kai, wato kwalbar ruwan sabulun da suke yawo da ita suna shafawa a mahaɗa don su ga ko kumfa za ta taso. Yakan ce, "Ku wanki kuka zo yi ko gyara?"

Wata damina mura ta kwantar da shi mako biyu. Ta tafi, tarin ya tafi, ya koma shago. Da safen nan ya buɗe tukunya zai gwada wani murhu, ya ji gas yana huci a kunnensa, amma hancinsa shiru. Ya sunkuya har ya kusa taɓa ƙarfen. Babu komai. Ya rufe tukunyar, ya ɗauki tsumman da yake goge hannu, wanda ya sha fetur da baƙin mai, ya danna a fuska. Kamar ya shaƙi ruwan sanyi.

Ya zauna ya daɗe yana kallon titi. Ya ce a ransa sauran mura ce, kwana biyu za ta sake shi. Kwana biyun ya zama wata huɗu.

Bai gaya wa kowa ba. Ya sami wata 'yar kwalba ya cika da ruwan sabulu, ya tura ta can ƙasan jaka, ba ya fito da ita sai masu gida sun ba da baya. Bai kuma daina tsayuwar nan tasa a bakin ƙofa yana ɗaga kai ba, don mutane suna jiran su ga ya yi.

Wata rana matarsa ta bar shinkafa a wuta ta shiga wanka, shi yana zaune taku uku daga murhun yana gyaran rediyo. Sai da hayaƙi ya rufe tsakar ɗaki ta fito a guje da zane a ƙirji ta sauke tukunyar.

"Malam, kana nan zaune abinci ya ƙone ƙurmus?"

"Hankalina ya yi nisa."

Ta tsaya tana dubansa, ludayi a hannu. "Kai da kake jin ƙauri daga gidan maƙwabta?"

"Na ce miki tunani nake yi."

Ta juya ta shiga kankare tukunyar. Amma daga ranar, duk safiya kafin ya fita, takan je da kanta ta taɓa kan tukunyar gas ɗin gidan ta tabbatar a rufe take.

A cikin wata na huɗun ne aka kira shi wani ƙaramin asibiti da ya daɗe yana yi wa aiki. Ɗakin girkin yana ƙasa, can ƙurya, da taga ɗaya 'yar ƙarama, kuma daidai samansa ɗakin masu jego yake. Kana gyara kana jin takun ma'aikatan jinya da kukan jarirai a kanka. Murhun babba ne mai kai shida, ya girmi duk masu girki a kansa. Shugabarsu, wata mata da ake ce wa Doguwa, ta nuna masa kai na uku.

"Baba, wannan makunnin juyawa kawai yake yi, ba ya rufewa sosai. Ni dai na hana kowa taɓa shi."

Ya cire makunnin ya leƙa. Bawul ɗin da ke ciki, wanda ke buɗe gas ya kuma rufe shi, ya cinye. Ya toshe layin, ya kwance bawul ɗin ya naɗe a takarda, ya ce ta ba shi kwana biyu.

Kwana uku ya yi yana yawo. Kamfanin da ya ƙera murhun ya daɗe da rufewa. A shagunan sababbin kaya aka yi ta miƙo masa masu ƙyalli, ya gwada haƙoransu da na tsohon, ba sa shiga. Wani ya ce masa ya ɗaure da zaren roba ya danna da ƙarfi, ai zai zauna. Hanci ya mayar masa da kayansa. Daga ƙarshe ya gangara layin 'yan gwangwan wurin wani tsohon abokinsa da ake kira Akwai, don ba a taɓa tambayarsa abu ya ce babu ba, ko da kuwa babun ne.

"Akwai," in ji Akwai, tun bai gama buɗe takardar ba. Ya shige cikin rumfa, aka yi ta jin ƙarar ƙarafa, ya fito da wani bawul na tagulla da ya yi duhu. Haƙora suka shiga daidai. Ya juya lafiya, ya tsaya inda ya kamata ya tsaya.

"Daga murhun wani otal na ciro shi," in ji Akwai. Ya kai shi saitin hancin abokinsa yana dariya. "Kai da sana'arka, faɗa mini me ka ji."

Hanci ya shaƙa. "Tsohon gas."

Dariyar ta ɗan tsaya a fuskar Akwai. "Jiya ya kwana a cikin kananzir. Ni daga nan ma ina ji."

"Shi nake nufi," in ji Hanci, ya sa bawul a aljihu. Har ya sha kwana yana jin idon mutumin a bayansa.

Washegari da hantsi ya koma asibitin. Shi da mai gadi suka jawo murhun daga jikin bango don ya sami wurin sa sifana. Ya ɗaura bawul, ya sa sabuwar roba, ya ƙara matse noti. Da Doguwa ta fita kai abincin rana, ya zaro kwalbarsa ya shafa ruwan sabulu a duk inda hannunsa ya taɓa. Ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. Ya kunna, wuta ta kama shuɗiya, a tsaye, ba ta rawa. Suka mayar da murhun jikin bango.

Doguwa ta dawo ta yi ta sa albarka. Tana goge hannu sai ta ɗan yamutsa fuska.

"Baba, kamar ina jin wani ɗan wari."

Ya ɗaga kai ya shaƙa, irin yadda ya saba. "Wanda ya fita ne lokacin da na kwance. Zai wuce."

"To shi ke nan. Tunda kai ba ka ji ba, hancina ne."

Ya shiga motar haya wajen ƙarfe biyu da rabi. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu, aka fara yayyafi. Maganar Doguwa ta ƙi barin kunnensa. Ya shiga bin aikin a ransa ɗaya bayan ɗaya: bawul, roba, noti, duka ya shafa. Sai ya tuna ƙarar da ya ji sa'ad da suke tura murhun, wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. A lokacin ya ɗauka ƙafar murhun ce a kan siminti. Tiyon da ke baya, wanda ya shigo ta bango daga manyan tukwanen da ke waje, ya fi shekara goma a wurin. Bai taɓa shi ba, don haka bai shafa masa komai ba. A da ba ya bukata.

Ya san tsarin ɗakin girkin nan kamar na gidansa. Ƙarfe biyu suke kulle ƙofa su tafi hutu. In ana ruwa suna rufe tagar. Ƙarfe huɗu Doguwa take dawowa, ta kunna fitila, ta ɗora ruwan zafin masu jego.

Ya kira wayarta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Takan bar ta a aljihun rigar aiki, rigar kuma a rataye a cikin ɗakin girkin. Ya kira lambar asibitin, layi a cike. Ya ce wa direba ya tsaya. Ruwa ya riga ya kece, motoci sun cushe a ɗaya hannun ba mai motsi. Ya duba agogo, uku da kwata. Ya ɗora jaka a ka ya kama hanya da ƙafa, mutum mai shekara sittin da ɗoriya, yana gudu yana tsayawa yana dafa bango. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya bar shi a cikin kwata.

Huɗu saura minti biyar ya shiga ƙofar asibitin. Bai bi ta ciki ba, ya zaga baya inda tukwanen suke a cikin kejin ƙarfe, ya zura hannu ya murɗe kawunansu duka biyu. Sannan ya shiga barandar. Doguwa tana bakin ƙofa, ta riga ta juya mabuɗi, ta tura ƙyaure, hannunta ya nufi makunnin fitila.

Ya riƙe mata hannu. Numfashi bai bar shi ya yi magana ba.

Ba ta ma bukaci bayani ba. Warin ya buge ta har ta ja da baya tana tari, ta rufe hanci da gefen mayafi. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyar ƙofar, ruwa na ɗiga daga rigarsa, iskar ɗakin tana shiga ƙirjinsa kamar kowace iska. A samansu wani jariri yana kuka, ana jan gado.

"Kada a kunna komai, kada a kashe komai," ya ce da ƙyar. "A fitar da na sama."

Aka kwashe masu jego bakwai da jariransu zuwa ɗaya ginin, a cikin ruwan, an lulluɓe su da barguna. Aka buɗe taga da ƙofofi. Sai bayan awa guda, da Doguwa ta ce warin ya tafi, ya jawo murhun. A gabanta da mai gadi da babbar ma'aikaciyar jinya ya fito da kwalbar, ya shafa a tiyon, ya sa aka ɗan buɗe tukunya. Kumfa ta kumbura kamar kan yaro. Tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa.

"Allah ya yi maka albarka, Baba," in ji babbar ma'aikaciyar. "Daga ina ka jiyo shi?"

Da ya yi shiru, da maganar ta tsaya a nan. Ya dubi Doguwa.

"Ban ji ba. Ita ta ji, tun da rana, na ce mata ba komai. Wata huɗu ke nan ba na jin warin komai."

Ba wanda ya yi masa faɗa. Ya canza tiyon, aka ba shi silifas ya sa, aka raka shi bakin titi. Ba su sake kiransa ba, shi ma bai sa rai ba.

Labari ya zaga. Wasu suka daina zuwa shagon, wasu suka ci gaba, kuma ba a daina ce masa Hanci ba. Likita ya ce jin warin yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Bai dawo ba.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne gidajen da ya yi wa aiki a cikin watannin nan huɗu. Ya zauna da matarsa suka tuno su, gida goma sha ɗaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ita tana biye da shi, tana shiga ɗakin girki kafin shi ta shaƙa, shi yana shafa sabulu tun daga kan tukunya har bayan murhu. A gida na shida suka sami roba ta saki kaɗan, ya canza. Sauran lafiya lau.

Na goma sha ɗayan wani bene ne a bayan tashar mota, inda ya sa wa wata mata mai 'ya'ya uku sabon tiyo a makon farko da ya tashi daga mura, tun bai fara ɗaukar kwalba ba. Suka tarar da ƙofa a buɗe, ana fenti. Mai fentin ya ce mutanen sun tashi wata biyu da suka wuce, sun kwashe komai har murhun. Maƙwabta suka ce an yi wa mijin canjin wurin aiki, wani ya ce gabas, wani ya ce ba nan ba. Lambar da matar ta taɓa kiransa da ita ba ta shiga.

Har yanzu yakan gwada lambar. In an kawo labarin gobara a rediyo, yakan ajiye sifana ya ƙara murya, ya saurara har a faɗi unguwa da yawan mutanen gidan.