Billen da Waya Ta Goge

Hoto ɗaya tak babanmu ya bari a duniya. Ɗan ƙarami ne, baƙi da fari, wanda aka ɗauka don katin aiki a kamfanin gurzar auduga na Funtua, inda yake zuwa cin rani in an gama kaka a garinmu Ƙarfi. Inna ce take ajiye da shi a cikin wata kwalla, a kan turamen atamfar da ba ta taɓa ɗinkawa ba. Tun da ruɗun tsufa ya fara kama ta, abubuwa da yawa sun zube mata. Takan yi azahar ta sake yin azahar, takan tambayi jikokinta 'ya'yan wane ne. Amma kullum da hantsi sai ta ce a miƙo mata kwallar nan, ta ɗauko hoton ta duba, ta mayar da hannunta.

A daminar bara rufin ɗakinta ya yi yoyo daidai saitin kwallar, murfin kuma a karkace yake. Ƙanena, wanda yake zaune da ita a gida yana noma, shi ya kira ni ina tsakiyar darasi a makarantar da nake koyarwa a Funtua.

"Yaya, hoton Baba ya tafi. Fuskar ta narke ta manne jikin atamfa."

"Inna ta gani?"

"Ba ta gani ba. Na ce mata kai ka ɗauka ka kai gyara."

Haka ya ɗora mini kayan ba tare da shawara ba. Daga ranar kullum da hantsi sai Inna ta tambaya ko an kawo, shi kuma sai ya kira ni ya shaida mini ta tambaya, kamar ni ban san yadda hantsi yake yi ba.

Autarmu tela ce a nan Funtua, kuma ban taɓa ganin mai wasa da hoto a waya irinta ba. Akwai manhajar da ta taɓa liƙa mini kunnuwan zomo da ita ta watsa a guruf ɗin gidanmu, ni da nake babba. Akwai wadda ta mayar da ni tsoho tukuf da furfura har gira. Ita kanta in ka ga hotonta sai ka rantse ba a rana ɗaya muke yawo ba, don fari. Na sha yi mata faɗa a kan wannan shirme. Amma ranar da ta ce ai ta ɗauki hoton Baba da wayarta lokacin da muka je gida yawon sallah, saura kaɗan in rungume wayar.

Ta turo mini, na buɗe. Ga mutum nan cikin launi, hula ta zama shuɗiya, fata sumul kamar an shafa mata man kaɗanya, ido yana sheƙi. Babanmu kuwa yana da bille, tsaga guda da ta gangaro daga gefen hanci zuwa kumatu, yana da 'yan baka a gefen baki. Duk babu. Manhajar ta ɗauka tsagar fuskarsa ƙarzuwar tsohuwar takarda ce, sai ta gyara ta tsaf, ta goge.

Na ce ta turo na asalin, wanda ba a taɓa ba. Ta ce wayar ta cika da hotunan ɗinki, ta share shi tun tuni.

"Yaya, ai ya fi kyau haka. Dubi fa yadda ya fito."

Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na tuna tana goye ya rasu. Ita wannan mutumin mai sumul ɗin fuska shi ne uban da ta samu, kuma tana son abinta. Na haɗiye maganar.

Washegari na je shagon wani mai hoto a kusa da tasha, Bayarabe haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Ya duba ya ce aikin ba wuya, zai iya mayar da tsagar a kwamfuta ba wanda zai gane. Na sauke ajiyar zuciya. Ya gyara zama ya kama linzamin kwamfutar.

"To Malam, billen a wane kumatu yake? Dama ko hagu?"

Na tsaya ina kallonsa. Na rufe ido na kira fuskar Baba. Ga ɓurɓushin auduga a gemunsa in ya dawo daga gurza, ga tarin nan nasa na asuba, ga yadda yake karkata hula in zai yi dariya. Billen kuwa sai ya tsaya a dama, in na matsa kusa ya tsallaka hagu. Na girma a gaban mutumin nan, ni na riƙe masa buta a ciwonsa na ƙarshe, amma na kasa tuna a wane kumatu yake.

"Ka je ka tambayo," in ji mai hoton. "Babana ma yana da tsaga. Kada mu yi wa dattijo ta wani gida."

Na kira ƙanena ya ce hagu ne, ko tantama babu. Na kira ƙanwata da take aure a Dandume ta ce dama, har da rantsuwa. Na kira kawu, abokin noman Baba tun suna samari, ya ce, "Dama ne mana." Har zan kashe sai ya ƙara, "Wato damata, in ina kallon shi. Ko kuwa tashi damar? Bari dai in yi tunani." A kan 'yan bakan ma ba a daidaita ba, wani ya ce bibbiyu, wani ya ce uku-uku. Mu kuma ba mai tsaga a cikinmu balle a duba, don Baba da kansa ya hana wanzami taɓa fuskokinmu, ya ce zamanin abin ya wuce.

Kwanakin nan na zama abin tausayi. In na shiga kasuwar hatsi sai in tsinci kaina ina ƙare wa tsofaffi kallo, har wani ya tambaye ni ko na san shi ne. A aji ina rubutu a allo, hannuna na hagu yana shafa kumatuna. Mutum ɗaya ce ta rage da za a tambaya, ita ce kuma nake gudu. In na tambayi Inna, na gaya mata ke nan hoton ya lalace. Abin da ya fi wannan ba ni tsoro shi ne in tambaye ta ta dube ni ta ce ba ta sani ba. In ya ɓace a wurinta, to ya ɓace ke nan.

Ina cikin wannan jan ƙafa ƙanena ya kira ya ce yau Inna ta ƙi shan kunu. Ta ce an raba ta da abinta ana yi mata dabara. Na koma wurin mai hoton na ce ya wanke mini shi haka nan yadda yake, ba tsaga. Ya wanke a takarda marar santsi. Na ɗauki auta muka shiga motar Malumfashi zuwa gida. Muka wuce Bakori, masara ta rufe hanya dama da hagu, ni dai ina riƙe da ambulan ɗin hoton.

Muka tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa irin amsar da ake yi wa baƙo. Na miƙa mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, nan take ta kawar da kai gefe ta miƙo shi baya.

"Ku ɗauke. Yaron nan ne."

Ni ne ɗanta na fari. A al'adarsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma tsura masa ido, tun ina yaro "yaron nan" nake a bakinta. Sai a lokacin na lura cewa Baba in an cire masa tsaga ni ne sak. Ta gane ni a takarda har ta ji kunya, ga ni kuma durƙushe a gabanta ba ta san ni ba.

Na ce, "Inna, Baba ne. Gyaran ne ya zo da haka."

Ta sake karɓa. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wa ya wanke mashi fuska?" Auta ta sunkuyar da kai. Inna ta laluba ƙarƙashin matashinta ta jawo tandun kwalli, ta zaro ɗan tsinken da take sa kwallin da shi, ta taɓa shi a harshe ta tsoma. Hannun nan da yake karkarwa in ta ɗauki moɗa bai yi gardama ba. Ta ja layi ɗaya daga gefen hanci zuwa kumatunsa na hagu. Ta yi uku a wannan gefen baki, uku a wancan. Sannan ta ɗiga wani ɗan tabo a saman girar dama, wanda duk cikinmu ba wanda ya ambata, ina ganinsa kuwa na tuna shi.

Ta hura hoton a hankali, ta nisanta shi ta duba.

"Yawwa. Ga Malam."

Auta ta ɗaga waya tana kallona, hawaye a fuskarta. Na gyaɗa mata kai na ce ta ɗauka, amma kada ta taɓa komai. Inna ta sa hoton a kwalla ta danne murfin da tafin hannu biyu, ta ce a kawo mata kununta. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni.

"Malam, kai ne mai hoton? Gaskiya aikinka bai yi ba. Ina aka taɓa barin mutum ba fuska?"

Na ce, "A yi haƙuri, Inna. Ba za a sake ba."