Kalmar Sirri Mai Ƙugiya

Duk unguwar Kumbiya-Kumbiya ta Gombe ba wanda bai san Malam Shu'aibu Mai Ƙugiya ba, kuma ba don daɗin zama aka san shi ba. Mutum ne da zai tsaya gaban shagon da ko ashana bai taɓa saye a ciki ba, ya kira mai shagon waje, ya nuna masa allon da aka rubuta "kosai da kunu", ya tambaye shi ko a gidansu akwai wani abinci wai shi kosai. Ƙosai ne, da ƙugiya. In mai shagon ya kuskura ya yi dariya, to ya jawo wa kansa, don sai Malam ya haɗa har da malamin da ya koyar da shi a firamare.

Ciwon ya samo asali tun yana aikin gwamnati. Tafireta ya buga tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi har aka ba ta jiharta, kuma tafiretar ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba. Abokan aikinsa sukan buga su miƙa haka nan. Shi kuwa sai ya zare takarda, ya ɗauki biro, ya bi ta layi-layi yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. An yi masa tsiya, an tsallake shi a ƙarin girma, ko a jikinsa. Ya yi ritaya da baƙin jini da kuma tabbacin cewa kowa a garin nan jahili ne sai shi.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana halinsa ita ce 'yarsa ta fari, Bilƙisu. A tsofaffin gidajen Gombe irin nasu uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce, kuma ba wanda yake ganin laifin haka. Amma sauran iyaye sukan nemo wani suna mai daɗi su laƙaba wa ɗan. Malam bai wahalar da kansa ba. In tana kusa, "ke". In ba ta nan, "waccan". Ƙannenta Nabil da Batul kuwa, sunansu yake kira har da tsokana. Yarinya ta tashi da wannan a maƙale a zuciya. Da ta je jami'a karatun kwamfuta sai ta riƙa rubuta sunanta Bilkis, ta yar da ƙugiyar, ta yar da wasalin ƙarshe. Ranar da ta kawo takardar kammalawa Malam ya duba, ya miƙa mata, ya ce, "Ta wace ce wannan? Ni ban raɗa wa kowa wannan suna ba."

Mahaifiyarta Lami ce take shiga tsakaninsu. Da Allah Ya yi wa Lami rasuwa, Bilƙisu ta bi wayoyin gidan ta tattara duk saƙonnin murya da marigayiyar ta taɓa aikawa, faɗanta da addu'arta da dariyarta, har da wanda take kwatanta wa Batul yadda ake dama fura, ta zuba su a tsohuwar kwamfutar cinya ta gidan. Kwamfutar ta tsufa ƙwarai, don haka ta ɗora mata manhajar Linux, wadda ake samu kyauta kuma ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Samfurin da ta zaɓa masa shi ne Mint, don ya fi sauƙi. Ta kuma daidaita masa kibod yadda zai buga haruffa masu ƙugiya ba sai da biro ba.

Da wani uban ne da ya sa mata albarka. Malam kuwa, da ya gano cewa Linux iri-iri ce, kuma masu ita ba su da aiki sai gardama a kan wacce ta fi, sai ya ji kamar ya tarar da danginsa. Ya duƙufa, ya karanta, ya gwada wannan ya goge, ya gwada waccan. Wadda ake kira Ubuntu, ya ce sunanta ma kamar za a zagi uban mutum. Mint ya raɗa mata "minti", abin lallashin yara. A ƙarshe ya tsaya a kan Debian, wai ita ce ba ta lallashin kowa. Ba mamaki, ai halinsu ne ya zo ɗaya.

Ranar wata Sallah aka yi ta ta ƙare. Bilƙisu ta zo gaisuwa da mijinta Ibrahim Khalil daga Tumfure. Kwanan nan aka sace mata waya a keke napep, sauran wayoyin gidan kuma duk an canza su, muryar Lami ba ta saura a ko'ina ba sai a kwamfutar Malam. Ta ce, "Baba, don Allah zan kwafi muryar Inna a filash."

"Ki taɓa mini kwamfuta? Da ƙyar na wanke ta daga mintin da kika shafa mata." Ya juya ga surukinsa. "Wadda ba ta iya riƙe harafi ɗaya a sunanta ba, ita za a ba ajiya?"

Bilƙisu ta miƙe, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Shi ke nan, Baba. In na sake taɓa ta, ba Inna ce ta haife ni ba." Ta fita ko ruwa ba ta sha ba, kuma ta ɗauke ƙafarta daga gidan.

Malam ya ji haushi, kuma shi haushinsa aiki yake sa shi. Ya kulle ma'ajiyar kwamfutar gaba ɗaya da irin makullin da ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri. Bayan nan ya sauya kalmar da wata wadda ya tabbata ba mai iya cankarta, kuma ba shakka ya sa mata ƙugiya. Abin da bai lura ba shi ne, lokacin da kwamfuta take tambayar kalmar tun kafin ta gama tashi, kibod ɗin na Turanci ne zalla, sai ta buɗe sannan na Hausa yake zuwa. Washegari da safe ya buga, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Harafin da ya kashe rayuwarsa a kansa babu shi a wurin, kuma wannan karon biro ba zai yi amfani ba.

Ya kai ta wurin wani mai gyara a Tudun Wada. Mutumin ya ce shi iyakar abin da ya sani a goge komai a sake sabo. Malam ya zage shi tas, ya rungumo kayansa ya dawo. Abinci ya daina shiga. Kowace safiya bayan karin kumallo yakan kunna muryar Lami tana ce wa Nabil ya gaya wa babansa ya rage faɗa, yanzu kuma shiru. Tsoro ya kama shi sosai, ya ga ya binne matarsa karo na biyu da hannunsa.

Yayarsa Goggo Iklima ce kaɗai take iya gaya masa gaskiya. Ta ce, "Shu'aibu, ka ɗauki abin nan ka kai wa 'yarka. In kuma girman kanka ya fi maka Lami, sai ka zauna."

Ya hau keke zuwa Tumfure, tafiyar da ba ta ƙarewa, yana ta faɗa da direba a kan ramuka kamar shi ya haƙa su. Bilƙisu ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, fuska ba annuri. Ya ajiye kwamfutar ya yi bayani yana kallon bango.

Ta ce, "Ai na yi rantsuwa, Baba."

"Sai ki yi kaffara."

"Don Inna zan yi, ba don kowa ba."

Ta ɗauko filash mai ɗauke da manhajar Mint ta soka, ta tayar da kwamfutar daga cikinsa. Fuskar Mint ta bayyana, kore shar. Malam ya yi tsaki, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sa kibod na Hausa, ta nemo ma'ajiyar da ke kulle, ta ce, "Faɗi kalmar."

Ya kau da kai.

"Baba, kalmar."

"Ba zan faɗa ba."

Nan ta fashe. "Har yau ba ka yarda da ni ba? Ka taso tun daga Kumbiya-Kumbiya, muryar uwata tana ciki, amma ni ɓarauniya ce? To gashi, buga da kanka!"

Ta tura masa kwamfutar. Ya buga da gaggawa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan tafireta ya kasa haɗa kalma ɗaya. Bilƙisu ta gaji, ta miƙa hannu ta danna wurin da ke sa a ga haruffan a fili maimakon ɗige-ɗige, ta ce ya buga a hankali ya ga inda yake kuskure. Ya daɗe yana kallon kibod ɗin, sannan ya buga da yatsa ɗaya. Kalmar ta fito ɓaro-ɓaro: Bilƙisu.

Ma'ajiyar ta buɗe. Ba wanda ya kalli wani. Ta kwashe muryoyin gaba ɗaya zuwa wayarta ba tare da ta nemi izini ba, shi kuma bai hana ba.

Can ta ce, "Tun ina yarinya nake jiran in ji shi a bakinka. Ashe kulle shi ka yi."

"Haka ake rubuta shi," in ji Malam. "Ke ce kika lalata shi."

Ta share ido da gefen mayafi, ranta a ɓace har yanzu. "Sai ka sauya ta yanzu a gabana. Ka zaɓi wadda ba ta da ƙugiya, in ba haka ba gobe ma a waje za ka kwana. Ni kuma ba zan sake ba."

Malam ya ja kwamfutar gabansa. Haruffan suna nan a fili, ya sani, bai kuma ce ta kau da kai ba. Ya yi tsaki mai tsawo, ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da wanda ya ƙirƙiro kibod. Sannan ya buga: Bilkis.

Ya rufe kwamfutar, ya miƙe, ya ce, "Ke, nemo mini keke."