Matakala Uku Don Ƙafar Inna

Lallaɓa muke ce masa, saboda sana'arsa jigilar gilashi da madubi ce. Shekara ashirin da wani abu yana kai wa masu gini gilasan tagogi a tsohuwar a-kori-kurarsa, ban taɓa jin ya fasa ko ɗaya ba. In ya zo kan rami yakan rage gudu har mai keke ya wuce shi yana waige. Ni mai walda ne, rumfata tana kallon inda yake ajiye motar, don haka babu ƙarfen da ke jikinta da bai ɗanɗana wutata ba. Ƙofar bayan ma ni na sa mata sarƙa biyu da sakata irin ta ɗaki, tun da makullinta na asali ya mutu.

Ranar Laraba ba ya ɗaukar kayan kowa. Ranar Inna ce. Mahaifiyarsa ta zame a banɗaki shekara shida da suka wuce, gwiwar hagu ta karye. Ta warke, amma ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Gaban mota ba ya ɗaukar mutum sai ya naɗe ƙafa, saboda haka a baya take zama. Yakan shimfiɗa katifa, ya tare gefenta da tsumman da yake raba gilasai da su, ya ɗaura tamfol a sama. Sai ya shiga ciki ya ɗauko tsohuwa a hannu, hannu ɗaya a bayanta, ɗaya ƙarƙashin ƙafar a miƙe, ya ɗora ta ya kai ta asibiti wurin gashin ƙashi. Haka yake sauke ta, haka yake mayar da ita. Tana mita, yana cewa to. Mutum ne marar yawan magana, amma ranar Laraba da yamma in ya dawo yakan zauna a bencina ya yi ta ba ni labarin abin da Inna ta ce wa likita.

Yana da ƙane, autansu, wanda shi ya koya masa tuƙi a wannan tsohuwar motar. Auta ya kama aikin haɗa wa mutane wutar sola, Allah ya buɗa masa. Wata Litinin sai ga shi ya shigo layinmu da sabuwar a-kori-kura fara sol. Ba jikin motar ne ya tara mutane ba, ƙofar bayanta ce. Ni da na tsufa a cikin ƙarfe ban taɓa ganin irinta ba. Ya danna wani maɓalli ta sauko a hankali, ba ƙara. Ya rufe, ya ja wani hannu ta buɗe ta gefe kamar ƙofar ɗaki. Ya sake rufewa, ya sauke rabin sama kaɗai ya zama tebur, har da ramin ajiye kofi. Daga ƙarshe ya sauke ta duka, ya ɓalle tsakiyarta, sai ga matakala ta sauko, ga wani sandan ƙarfe ya miƙe a gefe na riƙewa.

Mai faci ya hau ya sauka sau uku. Tela ya bar kekensa ya zo yana shafawa. Mai shayi ya ɗora kofi a ramin don ya ga ko da gaske ne. Lallaɓa yana can yana goge gilashin motarsa da ya riga ya goge. Auta ya ƙwala masa kira, ya ce Yaya ya zo ya sa albarka. Lallaɓa ya ɗaga hannu daga nesa ya ce Allah ya tsare. Da mutane suka watse ya zo rumfata ya ce ƙofa mai baki biyar ba ta riƙe amana, in damina ta zo zan ga tsatsa. Na ce haka ne. Ban ga amfanin musu ba.

Laraba ta zo, ya tafi gidan Inna da katifarsa, ba a yi awa ɗaya ba ya dawo. Ya zauna a bencina ya ba ni labari. Ashe ya tarar da farar motar a ƙofar gida, matakala a sauke. Inna ta kama sandan ƙarfen, ta ɗora lafiyayyar ƙafar, ta ja ɗayar, Auta na tallafe da ita kaɗan, ta haye. Da ta zauna sai ta yi dariya har da tafi, ta ce wa matan gidan su zo su gani, shekara shida ana ɗaukarta kamar buhun siminti, yau ta hau da ƙafarta.

"Buhun siminti, Baba," in ji shi. "Ni da nake ɗaukarta kamar madubin amarya."

Na ce tsohuwa ce, murna ce ta sa ta faɗa. Bai ji ni ba. Ya tashi ya zagaya bayan motarsa, ya zare sakata, ƙofar ta faɗo da ƙara, sarƙoƙin suka yi tsalle. Ya ce in yanka ta. Matakala yake so, kafin wata Larabar.

Na ce sai na ga yadda aka yi waccan, mu je mu duba tare. Ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Ni kaɗai na tafi da igiyar awo a aljihu, lokacin da Auta ya shiga cin abinci. Na leƙa ƙarƙashi, na ga inda maɗauran suke, na auna. Auta ya fito ya same ni a durƙushe, ya gaishe ni, ya ce in Yaya ne ya aiko ni ai da ya zo da kansa, mota tasa ce. Wannan maganar ban kai ta ba.

Da na nuna wa Lallaɓa awon, sai na ga fuskarsa ta saki a karon farko. Ya ce wannan tsayin na ƙattin maza ne masu takalmin aiki. Ya ɗage wandonsa ya ɗora yatsa a ƙaurinsa, ɗan sama da idon sawu, ya ce nan ne iyakar inda Inna take iya ɗaga ƙafa ba ta cije leɓe ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya ce matakala uku za mu yi, gajeru, masu faɗi, don sandararriyar ƙafar ta sami wurin jan jiki.

Aikin bai yiwu a mako ɗaya ba. Tsohon ƙarfe ne, inda na taɓa sai ya ɓurme, sai na yi ƙari. Na gaya masa in ya bar motar a hannuna Laraba biyu za su wuce shi. Ya ce su wuce. Yana zaune kullum a bencina, masu gini suna kiran wayarsa yana ba su haƙuri. Duk lokacin da farar motar ta gifta sai ya sami abin faɗa: tayoyinta sun yi faɗi, farin fenti ba ya ɓoye datti, yaron nan har yanzu bai iya shan kwana ba. Wata rana ina ɗaura maɗauri na ce masa, in wannan abin ya yi kyau, shi ma fa ya daina ɗaukar Inna ke nan.  Ya ce gara ta hau da ƙafarta a motarsa da ta hau a ta wani. Na ce wanin nan ƙanenka ne. Ya ce ya sani.

Laraba ta uku na bi shi, don in ga aikina. Motoci biyu a ƙofar gida, baya da baya. Inna ta fito da sandarta, ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta ce wa ya ɓata wa motar ɗanta baya haka. Lallaɓa ya zare sakata, ya saki matakalan ɗaya bayan ɗaya. Ta gwada. Ta hau na farko, ta ja ƙafar, ta hau na biyu, ta hau na uku, ba wanda ya taɓa ta. Ta ce lallai wannan ya fi sauƙi, wancan sai ta yi nishi. 

Sai ta juyo za ta sauko, ta tsaya. Saukowa ba hawa ba ce, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ba ta san ƙasa ba. Ta miƙa masa hannu biyu ba tare da ta dube shi ba, ya ɗauke ta ya dire.

Ta gyara mayafinta ta ce a motar Auta za ta tafi, don ba ta girgiza mata ƙashi, tsohuwar motar kuwa sai ta kwana biyu tana jin ta a ƙugu, ba ta dai taɓa faɗa ba ne. Lallaɓa ya sunkuya zai naɗe matakalansa.

"Kai kuma ina za ka?" in ji ta. "Mako uku ke nan Auta da masu gadin asibiti suna sauke ni kamar firji. Ɗauko katifarka ka shigo."

Auta ya yi dariya ya ce Yaya ya zo gaba, akwai sanyi. Lallaɓa ya ce a baya zai zauna. Bai taka matakalar ba, ta kan taya ya haye.

Tun daga ranar haka suke yi. Matakala ukun suna nan a motarsa, ya ce suna taimakonsa wajen sauke manyan gilasai. Larabar da ta wuce ya zo ya zauna a bencina da yamma, yana murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi me likita ya ce. Ya ce ba wannan ba: ƙofar nan tasu ta fara ƙara in an shiga rami, shi da ke zaune kusa da ita ya ji da kunnensa. Sannan ya tambaye ni ko ina da bututun ƙarfe mai kauri, yana so in sa masa sandan riƙewa a gefe, amma ya fi nasu tsawo.