Ni Na Kira Ki, Maman Ofure

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, ina tankaɗe rogo a rumfar suya sai ga Ofure ta zo ta tsaya a kaina ba gaisuwa. Yarinyar da ko sau goma ta wuce babba sai ta rusuna. Ban tambaye ta komai ba, na ajiye rariya. Ebehiremen, Maman Ofure, shugabarmu mu mata masu suyar garin rogo, kin rasu a asibiti bayan kwana tara kina fama da zazzaɓin Lassa.

Karatuna bai wuce aji shida ba, Yaya, kin sani. Amma akwai maganar da kika bar mini, kuma ba wanda zai faɗe ta sai ni.

Da aka kawo ni unguwar nan ina amarya, ko riƙon ƙoƙon juya gari ban iya ba. Kaskon farko da na soya ya ƙone ƙurmus. Kika ɗanɗana, kika ce wannan ko kaji sai sun yi addu'a kafin su ci. Mata suka yi ta dariya, ke kuwa kika zauna kusa da ni cikin hayaƙi har la'asar, hannunki a kan nawa. Kaskon da nake ci da shi har yau naki ne. Ranar da na haifi Obehi, ke kika fara yi mata wanka.

Shekara bakwai ke nan da Lassa ta ɗauke miki Eromosele, ɗanki na fari. Tun daga nan, duk rani, da an fara ƙona daji ɓerayen da ke yaɗa cutar sun gudo cikin gidaje, sai ki bi mu gida gida. Kika hana shanya gari a ƙasa da bakin titi, kika sa aka ɗaura mana gadajen gora, kowace randa sai da murfi. Muka sa miki suna Sajan Ɓeraye. Ba ki taɓa fushi ba, sai dai ki ce mu yi ta dariya, ai mai rai ke yin ta.

Ni kuwa gadon gorana ya yi mini kaɗan. Idan ranar kasuwar Uromi ta matso, nakan shimfiɗa tamfol a bayan ɗakina, inda ba kya zagayawa, in baza gari ya kwana. A nan Obehi take ɗiba ta jiƙa ta sha in ta dawo makaranta.

A watan Janairu zazzaɓi ya kama ta. Sau biyu na sayo maganin cizon sauro a kemis, bai yi komai ba. Maƙogwaro ya rufe, ga amai. Na gane, domin na ga Eromosele da idona. Amma na san abin da ke samun gidan da aka ambaci Lassa a cikinsa: ba mai sake taɓa garinsa sai damina ta sauka. Sai na aika a kira ki, na ce cizon sauro ne ya yi tsanani.

Kullum akwai safar hannu a jakarki. Kin kai hannu za ki ciro, kika dube ni kika ce, "Omonigho, kin tabbata?" Na ce an gwada jininta, na haɗa da rantsuwa. Ba a gwada ba. Kika bar safar a jaka don kada ki tsorata yarinya, kika rungume ta, kika share mata amai da hannunki. Da kika zagaya baya zubar da ruwan da kika wanke hannu, kika ga tamfol, kika ga kashin ɓera a gefen gari.

Na zaci za ki tara mini unguwa. Abin da kika ce kawai shi ne, "Ɗauko zanen goyo." Ke kika riƙe ta a kan babur har asibiti. A hanyar dawowa na roƙe ki ki rufa mini asiri. Kika ce, "Ba zan faɗa ba. Ke za ki faɗa, da bakinki."

Ban faɗa ba. Na ce wa unguwa taifot ne. Ma'aikatan lafiya da suka zo duba mu, a bakin titi na tare su don kada a ga motarsu a ƙofata. Obehi ta dawo da ranta, kunne ɗaya ne ya mutu. Ke kuma kika kwanta. Da na kira ki a waya ina kuka, ba ki bar ni na gama ba, tambayarki ita ce ko yarinyar ta fara cin abinci, kuma na ɗauke tamfol ɗin nan ko yana nan.

Yau kwana goma sha biyu ina jin abin da ake faɗa. Wai Sajan Ɓeraye ce ɓera ya kama, ashe garinta ne da cuta. Sau biyu Ofure ta kai buhunanki kasuwa tana dawowa da su a ɗaure. Dangin mahaifinki tsoro ya hana su karɓar gawarki, ke da ya kamata a mayar da ke ƙasar ubanki kamar kowace matar aure a al'adarmu. Ma'aikatan lafiya masu fararen kaya suka binne ki a nan, muna leƙe daga nesa. Duk ina ji, ina gani, ina ta suyata.

To ku ji, matan zumuntar coci, tunda a gabanku za a karanta wannan takarda ranar Alhamis, ni kuma zan kasance a tsaye. Garin Maman Ofure bai taɓa taɓa ƙasa ba. Daga bayan ɗakina cutar ta fito, ni na kira ta, ni na yi mata ƙarya. Na ƙone tamfol da garin da ke kansa. Wadda za ta guji gari, nawa za ta guda.

Ubangiji ya jiƙan ki, Yaya, ya ba ki hutawa, ya sada ki da Eromosele. Ya saka miki da alheri saboda ran da kika ceto. Ya kawar mana da wannan cuta da ke dawo mana duk rani. Baban Ofure, da dangi na nan da na can, Allah ya ba ku haƙuri. Ban isa in ce ku yafe mini yanzu ba.

Ofure, 'yata, ranar kasuwa zan zo da gammona in ɗaukar miki buhu, in tsaya kusa da ke in gaya wa duk mai tambaya. In kin yarda in taɓa kayan uwarki.

Omonigho, Maman Obehi